Haƙoran Saratu Uku a Cikin Kwalba

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya mayar mana da lafiya bayan mun ɗanɗani rashinta. A Hayin Dogo, nan cikin Samaru, Maman Bashir ake ce mini. Da girmana na koyi rubutu, a ajin yaƙi da jahilci, kuma matan ajinmu na rubuta wa wannan, da duk wadda takardar ta faɗa hannunta.

Waɗanda suka san ni sun san ba ni da hayaniya. Shekara talatin ina gidan Malam, maƙwabta ba su taɓa jin muryata ta tsallake katanga ba. Amma akwai mutum ɗaya a duniyar nan da ban yafe wa ba, kuma ba na jin zan yafe. Malam ya hana ni rubuta sunansa, na kuwa bi maganar maigidana. Sai dai bai hana ni faɗin kamanninsa ba. Gajere ne, mai tumbi, yana sa farar riga irin ta likitoci, da haƙorin makka ɗaya a sama. A ƙofar shagonsa akwai allo da aka zana ƙaton haƙori, tsutsa na leƙowa daga cikinsa. Dakta ake kiransa. In kin ga allon nan, ki kama hannun ɗanki ki juya.

Saratu ce autata, shekararta goma sha tara. Daga gidanmu zuwa ƙofar jami'a tafiyar ƙafa ce, amma sau biyu tana rubuta jarrabawar shiga, makinta bai kai ba. Kullum da safe ƙawayenta na wucewa ta ƙofar gidanmu da jakunkunansu, su leƙo su gaishe ni, ita kuwa ta shige ɗaki. Da za ta rubuta ta uku sai ta ɗauki karatun kamar faɗa. Shayi mai kauri, cingam a baki wai don kada barci ya ɗauke ta, littafi a cinya har wajen cin abinci. Ni kuwa murna nake yi, ina cewa yarinya ta yi hankali.

Da ciwon kai abin ya fara. Ta tashi da safe tana dafe gefen kanta duka biyu. Bayan sati biyu sai muƙamuƙi, ta ce ya yi mata nauyi kamar ta kwana tana tauna ganda. Lomar tuwo sai ta gutsura ƙanana, don bakin ba ya buɗuwa sosai, in ta yi hamma kuma sai ki ji ƙas a wajen kunne. Ruwan randa in ya taɓa haƙoranta sai ta zabura. In na ce wane haƙorin ne, sai ta ce, "Umma, ban sani ba, duka ne."

Wata rana bayan azahar ina tsintar shinkafa a tsakar gida, sai na ji ƙurus, ƙurus, ƙurus daga ɗaki. Na ɗauka ɓera ne ya samu buhun masara, har na ɗauki tsintsiya. Ina shiga na tarar Saratu ce barci ya kwashe a kan littafi, haƙoranta na gurzar juna, naman kumatunta ya ɗaure tamau. Na tashe ta, ta rantse ba ta san tana yi ba.

Daga nan shawarwari suka fara shigowa. Maƙwabciyata ta ce tsutsar ciki ce, muka sayo magani a kemis, ta sha, ba abin da ya canza. Wata ta ce a danna kanumfari. Malam ya karɓo rubutu, ta sha, wannan kam ban raina ba, addu'a ba ta faɗuwa ƙasa. Na ce mu je asibiti, sai yayar Malam, wadda yara ke kira Gwaggo Asabe, ta zo daga Chikaji ta tarar da zancen.

"Asibiti? Ke dai ba ki gajiya da wahala. Ki yini a layi a ce ki dawo jibi? Tsutsar haƙori ce ke cin yarinyar nan, ita ke sa ta cizo. Akwai Dakta a Sabon Gari, bayan kasuwa, a gabanki zai fito da su ki ƙirga da idonki."

Ban ga laifinta ba har yau. Ita ma abin da ta gani ta faɗa.

Ranar Asabar muka hau bas daga Samaru, mu uku. Shagon na cikin wani lungu, kusa da wata Inyamura mai sayar da robobi da butoci, Maman Ebuka. Benci biyu a waje, cike da mata da yara, kowa ya dafe kunci. Da layi ya zo kanmu, Dakta bai tambayi komai ba. Ya haska bakinta da tocila ya girgiza kai.

"Hajiya, kun yi sakaci. Sun yi gida a ciki, har sun hayayyafa."

Ga yadda yake aikinsa, ku karanta da kyau. Kwano ne da ruwa, da dutse a tsakiya. Sai ya ciro guntun ƙarfe daga garwashi, ya yi ja, ya ɗora kan dutsen. Ya zuba wasu 'ya'yan itace ƙanana kamar na gauta, da ɗan mai, ya kife mazurari a kai. Mara lafiya ya kafa baki a tsinin mazurarin, hayaƙi na shiga. Saratu ta yi ta tari, hawaye na zuba. Da ya ɗage mazurarin, wallahi ga su nan a kan ruwa, farare, sirara, a lanƙwashe. Gwaggo Asabe ta yi salati. Ni har godiya na yi masa, na ce Allah Ya saka da alheri. Ya ba ta wasu ƙwayoyi a ƙullin leda, ba suna ba takarda.

Kwana biyu ta samu sauƙi, na uku ciwon ya dawo. Muka koma. Ya ce 'ya'yan ne suka fito, uwar ta shige saiwa, sai an cire haƙorin. Ya ƙwanƙwasa na tauna ɗaya a ƙasa, hagu, ya ce wannan ne. Ya yi mata allura a dasashi, bai ko jira ta kama ba ya ɗauko abin cirewa daga cikin wani kofi.

"Hajiya, riƙe mini kanta."

Na riƙe. Na kwantar da kan 'yata a ƙirjina, na sa hannu biyu na danne goshinta. Kafin ya sa ƙarfen ta ɗago ido ta ce, "Umma, ba wannan ba ne, na gaya miki duka ne ke ciwo." Na ce, "Yi shiru, Saratu, ya fi mu sani."

Wannan maganar tawa ita ce ba ta barina in ci abinci da daɗi har yau.

Ya naɗe haƙorin a takarda ya ce in binne da nisa, kada tsutsar ta komo. Na jefa shi a wata 'yar kwalbar man shafawa, da niyyar in binne. Allah Ya mantar da ni, kuma na gode maSa da wannan mantuwar.

Cikin sati bakwai ya cire uku, duk na tara su a kwalbar nan. Duk komawa sai ya ce ta yi ƙaura zuwa na kusa. Na uku a sama ne, wanda ake hangowa in ta yi dariya. Shi ne ya kumbura, fuskarta ta koma kamar an hura, zazzaɓi ya rufe ta, bakin na wari. Kunu kawai take iya sha, shi ma da cokali ta gefe. Littattafan da aka yi duk wannan dominsu suna jibge, ƙura ta hau su. Cizon kuwa bai fasa ba. In barci ya ɗauke ta sai ki ji ƙurus, ƙurus, a kan sauran da suka rage. Dakta ya ce saura ɗaya, babbar uwar na cikin na huɗu, mu zo Asabar. Kafin nan ya ba ni ƙullin 'ya'yan itacen ya ce in riƙa yi mata hayaƙin a gida kowace safiya.

Ranar Laraba da hantsi na haɗa komai a tsakar gida yadda na ga yana yi. Tsohon bakin fartanya na gasa, na ɗora a dutse cikin kwano, na zuba 'ya'yan da ɗan man gyaɗa, na kife mazurari. Na ƙwala wa Saratu kira. Tana banɗaki, jiri ya hana ta saurin fitowa. Na jira, na jira, hayaƙin ya gama fita ta tsinin mazurari ya bi iska. Na ce bari in sake gasa ƙarfen. Na ɗage mazurarin.

Ga su nan a kan ruwa. Farare, sirara, a lanƙwashe.

Ba bakin da ya taɓa mazurarin nan. Na zauna daɓas a ƙasa. Na sake yi, ni kaɗai, suka sake fitowa. Na ɗauki ɗaya na murza a yatsa, na fasa ɗan itacen ɗaya da farce na duba. Ɗan farin zaren da ke cikin ƙwayar ne, zafi ke fasa ta ya faɗo ruwa. Shi ke nan tsutsar. Ban yi kuka ba, ban yi ihu ba. Wani abu ne mai sanyi ya sauko mini a ƙirji ya zauna, kuma yana nan har yanzu.

Washegari muka tafi babban asibiti, sashen haƙori. Gaskiyar Gwaggo Asabe, akwai layi. Ranar farko yankan kati kawai muka yi, mai ba da katin ma tana magana kamar mun zo roƙonta. Rana ta biyu aka ce likita ya shiga tiyata. Da yarinya mai zazzaɓi a jikina muka yini kan benci, ba wanda ya ce mana sannu sai wata tsohuwa mai shara da ta kawo mana ruwa, Allah Ya ba ta Aljanna. Sai Litinin muka ga likita. Mace ce, yarinya, ba za ta girmi Bashir ɗina ba. Amma ta zauna ta saurare mu har na gama, ba ta katse ni ba.

Ta sa yatsu a kumatun Saratu ta ce ta cije, ta saki. Ta tura mu aka ɗauki hoton haƙoran. Sannan ta kira ni ta ba ni madubi, ta nuna mini kan haƙoran, duk sun siɗe sun yi sumul kamar dutsen niƙa, da wani farin layi a cikin kumatu inda take datsewa.

"Mama, babu tsutsa a haƙori. Ita ke niƙa haƙoranta da kanta, ba da saninta ba. Naman muƙamuƙin ne ya gaji, shi ya sa take jin ciwon ko'ina."

Na kwance bakin zanina na fito da kwalbar. Ta zazzage su a wani faranti, ta jujjuya su ɗaya bayan ɗaya da ɗan ƙarfe a ƙarƙashin fitila. Sannan ta ɗago kai.

"Waɗannan lafiyarsu ƙalau. Ko ɗigon rami babu."

Na ce, "Likita, tunda lafiyarsu ƙalau, ba a mayarwa?"

Ta dube ni, ta ce a hankali, "Ba a mayarwa, Mama."

Ta wanke ramin da ya ruɓe, ta rubuta magani. Sannan ta juya ga Saratu ta ce, "Ƙanwata, me ke damunki? Ba haƙori nake tambaya ba." Yarinyar da aka cire wa haƙora uku ba ta yi kuka mai sauti ba, nan ta fashe. Ta ce kunya take ji. Ta ce in ta faɗi ta uku ba ta san yadda za ta ƙara bin titin Samaru ba. Ni uwarta ina gida ɗaya da ita ban taɓa tambaya ba.

Jinyar gaskiya daga nan ta fara, kuma ba ta da wani abin mamaki. Tsumma da ruwan ɗumi a kumatu safe da yamma, ina murza mata a hankali. Cingam da shayi mai kauri aka daina. Sati uku tana kan kunu da fate, na riƙa dafa shi ya yi laushi sosai, da yakuwa kaɗan don bakinta ya ji ɗanɗano. Da kumburin ya sauka aka auna bakinta, aka yi mata wata roba mai kama da haƙoranta da take sawa in za ta kwanta. Da tsada, ba zan ɓoye ba, Bashir ne ya ɗauki nauyinta, Allah Ya yi masa albarka. Likita ta ce da rana ta riƙa tuna wa kanta: a rufe leɓe, a saki haƙora. Na rubuta wannan da hannuna a takarda na manna a bangon da take fuskanta in tana karatu. Malam kuma, wanda ba mai yawan magana ba ne, ya zaunar da ita ya ce, "Ko kin ci ko ba ki ci ba, nan gidanku ne, kuma ni ban haife ki don jarrabawa ba." Bayan wata biyu ciwon kan ya tafi. Cizon bai tafi duka ba, amma yanzu roba take ci, ba haƙori ba.

Saura Dakta.

Malam ya kai ƙara wani ofis, aka ce a rubuto, aka rubuta, shiru. Ya ce mini, "Ki bar shi da Allah." Na ce, "Na bar shi da Allah, Malam. Amma Allah Ya ba ni ƙafa, kuma ka san hanyar Sabon Gari ba ta da nisa." Ya dube ni. Ya ce, "Ban da zagi, ban da dambe." Na ce ai ya san ni.

Asabar ta zagayo na shirya kwandona: kasko, gawayi, bakin fartanya, kwano, dutse, mazurari, da sauran ƙullin da shi da kansa ya ba ni. Na isa na tarar bencinsa cike. Na gaida Maman Ebuka na roƙi ta ara mini kujera da ɗan wuri a gaban rumfarta. Ta gane ni.

"Mama, ina yarinya? Ranar nan na ga hawayenta, na ji abin har cikin raina."

Na nuna mata kwalbar na gaya mata abin da likita ta ce. Ta dafe ƙirji. Ta ce, "Shekara nawa ina ganin jini a kwatar nan, ina cewa aikin likita ne. Zauna, Mama. Me kike so?" Na ce buta ɗaya, sabuwa. Ta ciro shuɗiya daga ɗauri.

Na zauna na hura gawayi. Kin san mata da son kallo, tun ƙarfen bai yi ja ba sun juyo. Na ce, da muryata ta kullum, "Bayin Allah, butar nan ce ba ta da lafiya, haƙori ke damunta. Ku matso ku taya ni gani." Aka yi dariya. Na zuba 'ya'yan, na kife mazurari, na kafa bakin buta a tsininsa. Da hayaƙi ya lafa na ce wa wata mata mai goyo, wadda ta riƙo ɗanta ɗan shekara bakwai, ta ɗage da hannunta.

Ta ɗage. Ta ƙura wa ruwan ido. Dariyar ta tsaya.

Maman Ebuka ta leƙa ta tafa hannu. "Chineke! Butata ko alawa ba ta taɓa sha ba, ga tsutsa har goma sha!"

Sai na fito da kwalbar na miƙa, ta bi hannu hannu. Na ce, "Na 'yata ne. Likitan asibiti ta ce ko ɗigon rami babu. Ni na riƙe masa kanta." Iyakar abin da na faɗa ke nan.

Dakta ya fito da safar hannu, yana tambayar hayaniyar mece ce. Da ya ga kwanon, ya ga buta, fuskarsa ta canza.

"Hajiya, mene ne haka? Shigo ciki mu yi magana, ai ba a haka."

"A nan ka yi aikin, Dakta, a nan za mu yi."

"Turo ki aka yi! Mahassada ne suka turo ki!"

"Kai ka ba ni ƙullin. Ga ledarka."

Ya rage murya ya ce zai mayar mini da duk abin da na kashe, har da ƙari. Na karɓi kwalbar daga hannun wata, na miƙa masa. Na ce, "Ba wannan na zo karɓa ba. Ga su. Mayar mata da su inda ka ciro." Ya tsaya da hannu a sake, haƙorin makkansa a waje. Matar nan mai goyo ta ja hannun ɗanta, ta tofar da yawu a ƙofar shagon, ta wuce. Sauran suka bi ta ɗaya ɗaya. Wani dattijo da auduga a baki, wanda an riga an cire masa, ya zauna kan benci ya riƙe kai. Shi ne ya fi ba ni tausayi.

Asabar huɗu ina zuwa. Ba na zaginsa, har gaishe shi nake yi. In ya ga na sauke kwando sai ya shige ya ja labule. Ta biyar na tarar da kwaɗo a ƙofa, an cire allon. Ba zan yi muku ƙarya ba, daɗi na ji, irin wanda ban taɓa ji ba, kuma ban nemi gafara a kan wannan daɗin ba.

To 'yan uwana, in kin ji ɗanki na gurza haƙora cikin barci, ko ya tashi da ciwon kai da nauyin muƙamuƙi, kada ki bari a sa masa ƙarfe a baki. Ki jure layin asibiti, ko kwana uku ne. Kafin nan ma ki zaunar da shi ki tambaye shi me ke cin ransa. Kuma in yaro ya ce miki ba wannan ba ne, ki saurare shi.

Saratu ta rubuta jarrabawar, muna jiran abin da Allah zai yi. Ta gefe ɗaya take tauna. Rake da take so kamar me, yanzu sai dai in yayyanka mata ƙanana ta tsotsa. In dariya ta kama ta sai hannunta ya riga ta zuwa baki. Tun ranar da aka cire na ukun ba ta ƙara taka Sabon Gari ba, ko sunan lungun aka ambata sai ta tashi.

Shekaranjiya Gwaggo Asabe ta zo, ba ta ko zauna ba ta ce an ga allon nan mai tsutsa a Dogarawa, an sake masa fenti. Ta ce ita za ta ɗauki kaskon, tunda ita ta kai mu. Yau Asabar. Na gama shirya kwando ina neman kwalbar a inda nake ajiye ta, ban gan ta ba. Na juyo, sai ga Saratu a bakin ƙofa, ta sa hijabinta, kwalbar na hannunta.

Na ce, "Ina za ki? Ki zauna ki huta."

Ta ce, "Umma, ke ki yi butar. Wannan ni zan nuna musu. Nawa ne."